Jagoran Ziyarar Birnin Konya na Ƙasar Turkiyya a Lokacin Hunturu

Konya birni ne da ke kudancin tsakiyar ƙasar Turkiyya, a kan shimfiɗaɗɗen tudun Anatoliya wanda ya ɗan haura mita 1,000 daga doron teku, kuma shi ne hedikwatar lardin da ya fi kowane lardi faɗi a ƙasar. Rumawa sun san shi da sunan Ikoniyum, amma ɗaukakarsa ta zo ne a hannun Saljuƙawa, wato zuriyar Turkawan da suka kwararo Anatoliya bayan yaƙin Manzikat na shekarar 1071, waɗanda suka mayar da shi fadar mulkinsu bayan birnin Nikiya ya suɓuce musu a 1097. Daga wancan zamani ne birnin ya gaji masallatai da makarantu da hubbarori na ƙarni na 12 da na 13, kuma a cikinsa ne Maulana Jalaluddin Rumi ya rayu, ya koyar, ya rasu. Mai niyyar ganin waɗannan wurare a tsakanin Disamba da Fabrairu yana bukatar shiri dabam da na sauran watanni, domin ranar da ya zaɓa, da gajartar yini, da tsananin sanyi su ne za su ƙayyade abin da zai iya gani, kuma duk tsarin da bai ginu a kan waɗannan abubuwa uku ba yakan rushe tun a yinin farko.

Zaɓen lokaci

Hunturun Konya ya kasu gida biyu ta fuskar baƙo. Kashi na farko shi ne kwanakin 7 zuwa 17 ga Disamba, lokacin da ake taron shekara-shekara na tunawa da rasuwar Maulana, wanda ya cika ranar 17 ga Disamba 1273. Ana kiran daren ƙarshe na taron Shabi Arus, wato daren aure, saboda shi kansa ya ɗauki mutuwa a matsayin saduwar bawa da Ubangijinsa, ya kuma hana a mayar da ita abin makoki. A waɗannan kwanaki jama'a sukan taru daga sassan Turkiyya da Iran da ƙasashen Turai, masaukai na kusa da hubbarensa sukan cika makonni kafin taron, farashinsu yakan tashi, kuma tikitin zaman daren ƙarshe shi ne ke fara ƙarewa. Wanda ya ƙudura halartar taron ya kamata ya kama masauki tun watan Oktoba ko farkon Nuwamba, kuma idan burinsa ganin zikirin da ake yi a taron ne kawai, zaman tsakiyar mako ya fi sauƙin samu, domin tsarin da ake bi a cikinsa ɗaya ne da na daren rufewa, in ban da jawaban manyan baƙi.

Kashi na biyu shi ne daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da birnin yake komawa hannun mutanensa, gidajen tarihi suke zama babu cunkoso, masu masauki kuma suke saukowa da farashi. Wannan ne lokacin da ya dace da mai son tsayawa a gaban gini ya karanta rubutun da ke jikinsa a tsanake. Abin lura guda shi ne hutun tsakiyar zangon karatu na makarantun ƙasar, wanda yakan kama kusan mako biyu daga ƙarshen Janairu, inda iyalai ke cika jiragen ƙasa. Haka kuma a shekarun nan watan azumi yana faɗowa ne cikin ƙarshen hunturu, kuma Konya gari ne da aka sani da riƙon addini, saboda haka gidajen abinci da yawa sukan rage aiki da rana har sai an kusa shan ruwa.

Yanayi da tsawon yini

Sanyin Konya busasshe ne mai ratsa ƙashi, irin na ƙasar da take nesa da teku. A watan Janairu matsakaicin ma'aunin zafi yakan tsaya kusa da sifiri, da dare yakan sauka ƙasa da haka da 'yan digiri, kuma a shekarun da suka tsananta an taɓa ganin ya wuce digiri 20 ƙarƙashin sifiri. Wanda iyakar saninsa da sanyi ita ce hunturun Kano ko Damagaram ya kamata ya gane cewa a nan ruwan da ya kwana a kan titi yakan daskare ya zama ƙanƙara, kuma dusar ƙanƙarar da ta narke da rana takan sake daskarewa da yamma ta zama santsi. Saboda birnin yana cikin kwari mai faɗi da tsaunuka suka kewaye ta yamma, hazo mai kauri yakan kwanta a kansa da safe, wani lokaci ya haɗu da hayaƙin ɗumama gidaje ya yini bai washe ba.

Turkiyya tana gaban Nijeriya da Nijar da awa biyu, kuma tun 2016 ta daina sauya agogonta tsakanin rani da hunturu. Sakamakon haka, a tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa a Konya sai wajen ƙarfe takwas na safe, kuma takan faɗi jim kaɗan bayan biyar da rabi na yamma, wato hasken yini bai fi awa tara da rabi ba. Idan aka cire sa'ar farko ta safiya wadda ƙanƙara ba ta saki hanya ba, aka cire lokutan salla da na abinci, abin da ya rage na yawo bai wuce awa shida ba. Gidajen tarihi na gwamnati su ma sukan koma jadawalin hunturu, inda suke rufewa da wuri, akasari wajen ƙarfe biyar, kuma da yawa daga cikinsu ba sa buɗewa ranar Litinin. Wannan lissafi ne ya sa wurare uku ko huɗu a yini suka isa, kuma kwana uku cikakku ne mafi ƙarancin abin da ziyarar ke bukata.

Takardu da hanya

'Yan Nijeriya da 'yan Nijar masu fasfo na gama-gari suna bukatar biza kafin shiga Turkiyya, kuma da yake sharuɗɗanta suna sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, hanya mafi aminci ita ce a tabbatar da su daga ofishin jakadancin ƙasar a Abuja ko Yamai kafin a biya kuɗin jirgi. A bisa al'ada akan nemi fasfo mai sauran wa'adi na aƙalla wata shida, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanin asusun banki, da inshorar lafiya ta tafiya, wato yarjejeniyar da wani kamfani ke ɗaukar nauyin jinyar matafiyi idan ciwo ya same shi a waje. Jirgin sama daga Abuja ko Legas zuwa Istanbul yakan ɗauki awa shida zuwa bakwai, daga nan kuma hanya ta rabu biyu.

Ta farko ita ce jirgin sama na cikin gida, wanda ke isa Konya cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, sai dai hazon da aka ambata yakan jawo jinkiri ko soke tashi, musamman da sassafe da kuma cikin dare. Ta biyu ita ce jirgin ƙasa mai gudun gaske, wanda ake yi wa laƙabi da haruffan YHT, wanda ya haɗa Konya da Ankara tun 2011, ya kuma haɗa ta da Istanbul tun 2014. Daga Ankara tafiyar ba ta kai awa biyu ba, daga Istanbul kuwa takan kai kusan awa biyar, kuma hazo bai cika tsayar da ita ba. Ana sayen tikitinsa ta intanet ko a tasha da lambar fasfo, kujeru sukan ƙare da wuri a ƙarshen mako, kuma wajen saye akan tambayi ko matafiyin namiji ne ko mace, domin ba a cika zaunar da namiji kusa da macen da ba tare suka sayi tikiti ba, tsarin da motocin safa na dogon zango su ma suke bi. Wanda zai sauka a filin jirgin Sabiha Gokcen da ke ɓangaren Asiya na Istanbul yana kusa da tashar Pendik, inda jirgin Konya ke tsayawa, wanda kuwa ya sauka a babban filin jirgin da ke ɓangaren Turai sai ya ware awanni na ƙetare birnin. Ko ta wace hanya aka bi, hikima ce a dawo Istanbul kwana ɗaya kafin ranar jirgin komawa gida.

Sutura da lafiya

Ƙa'idar suturar irin wannan sanyi ita ce hawa uku. Hawa na farko riga ce da wando masu manne wa jiki, na ulu ko na zaren roba mai fitar da gumi, domin auduga tana riƙe danshi ta sanyaya fata. Hawa na biyu rigar sanyi ce mai kauri wadda ke tsare ɗumin jiki, na uku kuma jaket ce mai tare iska da ruwa wadda ta sauko har cinya. Amfanin wannan tsari yana bayyana ne idan an shiga ɗaki, domin masaukai da gidajen abinci da jiragen ƙasa duk ana ɗumama su sosai, kuma wanda ya sa riga ɗaya mai nauyi zai yi gumi a ciki, ya fito gumin ya huce a jikinsa. Kaftani ko abaya suna hawa kan hawa biyun farko ba tare da matsala ba, sai dai doguwar sutura mai jan ƙasa takan jiƙe da narkakkiyar ƙanƙara. Hula mai rufe kunne da safar hannu da mayafin wuya ba kayan ado ba ne a nan, kuma takalmi ya zama mai tafin roba mai zane-zane, wanda ruwa ba ya shiga, mai sauƙin cirewa, tunda za a cire shi a ƙofar kowane masallaci. Wanda bai samu waɗannan kaya a gida ba zai same su a kasuwannin Istanbul ko na Konya, amma dole ya sauko daga jirgi da abin da zai kai shi kasuwar.

Masu ciwon sikila su nemi shawarar likita kafin tafiya, saboda sanyi mai tsanani da ƙarancin ruwa a jiki suna daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, haka nan masu asma su riƙe maganinsu a aljihu saboda ranakun hazo da hayaƙi. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, don haka a riƙa shan ruwa ko da ba a ji bukata ba, a kuma shafa mai a leɓe da hannuwa. Kantin magani ana kiransa eczane, kuma a kowace unguwa akwai wanda ke kwana a buɗe bisa juyi, ana liƙa sunansa a ƙofar sauran. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Alwala da salla

Wuraren alwala na tsofaffin masallatai suna waje ne, a kewayen wani famfo mai rumfa da ake kira shadirwan, kuma ko da yake wasu masallatan sun tanadi ruwan ɗumi, ba a dogara da hakan. Abin da ya fi sauƙi shi ne a fito daga masauki da alwala, a kuma yi amfani da rangwamen shafa a kan huffi, wato safar fata mai rufe idon sawu wadda aka sa bayan cikakkiyar alwala. Turkawa suna kiranta mest, ana sayar da ita a shagunan da ke kewayen masallacin Aziziye na tsohuwar kasuwa, kuma da yake ta fata ce, ta dace da sharaɗin da malaman Malikiyya suka gindaya. Mutanen ƙasar mabiya mazhabar Hanafiyya ne, kuma a tsakiyar Disamba lokutan sallarsu suna matse da juna: azahar wajen ƙarfe ɗaya, la'asar kafin uku da rabi, magariba kafin shida. Wannan yana da amfani ga mai ziyara, domin yawancin wuraren da zai gani ko dai masallatai ne ko maƙwabtan masallatai, kuma tsayawa salla yakan zama hutun ɗumama jiki a kan shimfiɗa mai taushi.

Yini na farko: tudun Ala'uddin da makarantun Saljuƙawa

Tsohon birnin yana shimfiɗe ne a kan layi guda wanda bai kai kilomita biyu ba, daga tudun Ala'uddin a yamma zuwa hubbaren Maulana a gabas, kuma jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ake kira taram, yana bin wannan layi, ana biyansa da katin da ake saye a cika da kuɗi. Masauki a tsakanin waɗannan wurare biyu yana rage tafiyar ƙafa cikin sanyi. An fi son a fara da tudun saboda shi ne ya riga sauran a tarihi, kuma wanda ya ga fadar sarakunan da farko zai fi fahimtar garin da Maulana ya tarar.

A kan tudun akwai masallacin Ala'uddin, wanda aka fara gininsa a ƙarni na 12 aka kammala wajen 1220 a zamanin Sarki Ala'uddin Kaiƙubad na Ɗaya. Zaurensa mai shimfiɗaɗɗen rufi yana tsaye ne a kan ginshiƙan dutse kimanin 40 da aka ɗebo daga gine-ginen Rumawa, shi ya sa kawunansu ba su yi kama da juna ba. Abin da ya fi cancantar tsayawa shi ne mumbarin katako mai ɗauke da tarihin shekarar 1155, wanda aka yi da dabarar da ake kira kundakari, wato harhaɗa ƙananan yankakkun katako masu kusurwoyi ta hanyar cusa bakin wani cikin tsagar wani, ba da ƙusa ko danƙo ba, ta yadda katakon zai iya kumbura da danshi ya motse da rani ba tare da ya tsage ba. A harabar masallacin akwai hubbaren da aka binne sarakunan Saljuƙawa da dama, ciki har da Kaiƙubad ɗin kansa. Matakalan hawa tudun sukan yi santsi da safe, saboda haka wajen ƙarfe goma ne lokacin hawa.

A gindin tudun ta arewa akwai makarantar Karatay, wadda Amir Jalaluddin Karatay ya gina a 1251, yanzu kuma gidan adana tangaran ce. An gina ta ne a rufe, da ƙubba a kan tsakar gida a maimakon buɗaɗɗen fili, kuma sanyin garin ya isa ya bayyana hikimar hakan. Cikin ƙubbar an lulluɓe shi da gutsattsarin tangaran shuɗi da baƙi da aka jera suka ba da surar taurari masu sarƙe da juna, a kusurwoyin da ke ɗauke da ita kuma an rubuta sunayen annabawa da na halifofi huɗu da rubutun Kufi mai kusurwa, wanda ido ke ɗauka ado ne kafin ya gane haruffa. A nan ne aka ajiye fale-falen da aka tono daga fadar Kubadabad ta bakin tafkin Beyshehir, masu siffar tauraro da ta gicciye, ɗauke da zanen tsuntsaye da kifaye da gaggafa mai kai biyu. A yammacin tudun kuma akwai makarantar Ince Minare, wato mai siririyar hasumiya, wadda waziri Sahib Ata ya gina a wajajen 1260 domin karatun hadisi. Tsawa ta karya saman hasumiyar a 1901, amma ƙofar tana nan, inda aka sassaƙa ayoyin Suratu Yasin da Suratul Fat'hi a kan ɗamaru biyu na dutse da suka hau suka ƙulle da juna a saman mashiga. Gyare-gyare sukan sa a rufe ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine na wani lokaci, saboda haka a tambayi masu masauki tun da dare, ko da yake ƙofar Ince Minare ana ganinta daga titi.

Yini na biyu: hubbaren Maulana da zikirin sema

An haifi Jalaluddin a 1207 a yankin Balk, mahaifinsa Baha'uddin Walad ya yi ƙaura da iyalinsa zuwa yamma har suka zauna a Konya a 1228, kuma haɗuwarsa da Shamsuddin Tabrizi a 1244 ce ta juya shi daga malamin fiƙihu zuwa mawaƙin sufanci wanda ya bar littafin Masnawi mai juzu'i shida da baitoci kimanin 25,000 cikin harshen Farisanci. Ɗansa Sultan Walad ne ya tsara ɗariƙar Maulawiyya bayan rasuwarsa. An gina hubbare a kan kabarinsa a 1274, wanda koriyar ƙubba ke kansa, zawiyar ɗariƙar ta bunƙasa a wurin a ƙarƙashin sarakunan Usmaniyya, har zuwa 1925 da gwamnatin jamhuriya ta rufe zawiyoyin ɗariƙu duka da doka, sannan aka mayar da wurin gidan tarihi, aka kuma sa masa sunan Maulana a 1954.

A isa da zarar an buɗe, kafin motocin ayarin baƙi su iso. A bakin ƙofar zauren kabarin akan ba kowa leda ya sa a kan takalminsa, mata sukan rufe kai, kuma ana tafiya ne a layi guda cikin natsuwa. Kabarin Maulana da na ɗansa suna ƙarƙashin ƙubbar, lulluɓe da mayafi mai aikin zinariya, da manyan rawuna a kansu, kusa da su kuma akwai dogon akwatin katako na zamanin Saljuƙawa a kan kabarin mahaifinsa. A zauren da ke biye an baje tsofaffin Alƙur'anai da kayan kiɗa da kwafin Masnawi da aka rubuta a 1278, shekara biyar kacal bayan rasuwar marubucin. Baƙi da yawa sukan fice daga nan ba su leƙa ɗakin girki da ke gefen haraba ba, alhali shi ne makarantar ɗariƙar: mai neman shiga yakan zauna kwana uku a kan buzu kusa da ƙofa yana kallon aikin da ke jiransa, idan ya amince kuma aka amince da shi sai ya yi hidimar kwana 1,001, daga shara zuwa cefane da wanke-wanke, kafin a ba shi ɗaki a kira shi dede. Daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa masallacin Selimiye na ƙarni na 16 da ke manne da harabar, da kuma masallacin da ke ɗauke da hubbaren da ake dangantawa da Shamsuddin Tabrizi. Masu karatun sufanci sukan ƙara da hubbaren Sadruddin Ƙunawi, almajirin Ibn Arabi kuma agolansa, wanda ya rasu a 1274.

Zikirin da Turkawa ke kira sema ana yinsa ne a Cibiyar Al'adu ta Maulana da ke gabas da hubbaren, kullum a kwanakin taron Disamba, a sauran shekara kuma bisa al'ada a daren Asabar, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2008. Sanin matakansa yana hana ɗaukarsa rawa. Ana buɗewa da yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai bugun ganga, sai busar sarewar gora da ake kira ney, sannan masu zikirin su kewaya fili sau uku a bayan shehinsu suna gaisawa da sunkuyo. Bayan haka sukan tuɓe baƙar alkyabbar da ke nufin kabari, su bayyana cikin farar riga mai faɗin ƙasa da ke nufin likkafani, da doguwar hula mai nufin dutsen kabari, su fara juyawa a kan ƙafar hagu zuwa ɓangaren hagu, tafin dama yana kallon sama, na hagu yana kallon ƙasa. Juyin yana da zango huɗu da ake kira sallama, ana rufewa da karatun Alƙur'ani da addu'a. Ba a tafi, ba a kunna fitilar kyamara, ba a kuma tashi kafin shehin ya fita. Ana tashi ne cikin dare lokacin da sanyi ya sauka sosai, saboda haka a san abin hawan komawa tun kafin shiga.

Abinci da kasuwa

Abincin rana shi ne babba a wannan tsari. Etli ekmek doguwar gurasa ce siririya da ake shafe da niƙaƙƙen nama da albasa da tumatir a gasa a tanderu, firin kebab kuma naman tunkiya ne da ake dafawa awanni cikin kitsensa har ya saki ƙashi, kuma gidajen da suka shahara da shi sukan sayar da na yini ya ƙare kafin la'asar. Akwai miyar busasshiyar kuɓewa da ake kira bamya, wadda ake yi da 'yan ƙananan kuɓewa da ake tsinka tun suna jarirai a shanya a zare, a dafa da nama da lemon tsami ba tare da yauƙi ba. Arabashi romon kaza ne mai yaji na daren hunturu, wanda ake haɗiya da sanyayyen ƙullun alkama. A tsohuwar kasuwar da ke tsakanin masallatan Aziziye da Kapu ana samun shayi a kowane lungu, da salep, wato madara mai zafi da ake kaurara da garin saiwar wani fure a barbaɗa kirfa. Kuɗin ƙasar lira ne, darajarsa tana sauyawa da sauri, saboda haka a riƙa canji kaɗan-kaɗan a shagunan canji na hukuma. Doka ta haramta fitar da kayan tarihi daga ƙasar, har da tsofaffin tsabar kuɗi da duwatsun da aka tsinta a kango, kuma ana bincike a filin jirgi.

Yini na uku: wajen gari

Wannan yini shi ne wanda yanayi ke da iko a kansa, shi ya sa ake ajiye shi a sake, a musanya shi da ɗaya daga cikin biyun farko idan gari ya waye da rana. Mafi kusa shi ne ƙauyen Sille, kimanin kilomita 8 arewa maso yamma, wanda motar haya ta gari ke zuwa, inda Musulmi da Kiristoci masu jin Girkanci suka zauna tare har zuwa musayar al'umma ta 1923, kuma cocin Aya Eleni da ɗakunan da aka fafe a jikin dutse suna nan. Kimanin kilomita 50 kudu maso gabas akwai Catalhoyuk, kangon matsugunin da aka zauna shekaru kusan 9,000 da suka wuce, inda gidaje suke manne da juna babu titi, ana shiga ta rufi da tsani. An rufe wuraren tonon da rumfuna, amma filin a buɗe yake ga iska, kuma zuwa can ya fi sauƙi da motar shata. Mai sha'awar hanyoyin fatauci zai iya bin hanyar Aksaray zuwa Sultanhani, babban zangon ayari da Kaiƙubad ya gina a 1229, mai buɗaɗɗiyar haraba ta rani da rufaffen zaure na hunturu.

Idan wuri ɗaya kawai za a zaɓa, masallacin Eshrefoglu da ke Beyshehir, kimanin kilomita 90 yamma da Konya, shi ne ya fi dacewa da wannan lokaci. An kammala shi a 1299, rufinsa yana kan ginshiƙan katako fiye da 40, kuma ya shiga jerin UNESCO a 2023 tare da wasu masallatan katako na Anatoliya. A tsakiyar zaurensa akwai rami mai zurfi wanda ake bayyana cewa a da ana tara dusar ƙanƙara a cikinsa, tana narkewa sannu a hankali tana ba katakon danshin da ke hana shi bushewa ya tsage. Hanyar Beyshehir tana ratsa tuddai, saboda haka a duba hasashen yanayi da safe, a hau motar safa ko motar direban da ya sa tayoyin hunturu, a bar tuƙi ga wanda ya saba da ƙanƙara, a kuma kama hanyar dawowa da zarar an idar da la'asar, domin bayan faɗuwar rana kwalta takan daskare cikin ɗan lokaci. Idan kuwa hazo ko dusar ƙanƙara suka rufe hanyoyin duka, gidan tarihin kayan tono da makarantar Sircali ta 1242 da hubbaren Sahib Ata suna cikin gari kusa da juna, kuma sun isa cika yinin ba tare da an hau mota ba.